Katin gwada kwana: yadda aikin ke tafiya

Litinin, 6 ga Janairu

Abin da ake son haɗawa kati ne guda, girman tafin hannu, wanda birkila ko kafinta ko mai walda zai jefa a aljihu, tare da ƙaramin jadawalin lissafi a waya ga mai son amfani da shi. Tambaya ɗaya katin zai amsa: ga tsawo uku an auno, shin kwanar da ke tsakaninsu sukwaya ce, wato digiri 90, ko ta karkace? Za a gwada shi a wurare biyu, wani fili da za a fitar wa fandisho a wajen Rigachikun, da rumfar walda a Panteka, duka a Kaduna.

Ƙa'idar kanta gajeriya ce. A ware mafi tsawo cikin ukun, shi ne dayagonal. Sauran biyun muna kiransu hannaye. A ninka kowane hannu da kansa, a tara. A ninka dayagonal da kansa. In amsoshin sun zo ɗaya, kwana ta tashi daidai. 3, 4 da 5: 9 a tara da 16 ya ba da 25, 5 sau 5 ma 25. A makaranta ana rubuta ta a² + b² = c², ana danganta ta ga Fitagoras, Bagirke ɗan tsibirin Samos da ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma akwai wani bambanci da ya shafe mu. Abin da ɗalibai suka haddace shi ne: in kwana sukwaya ce, lissafin zai fita. Mu kuwa juyinsa muke bukata: in lissafin ya fita, kwana sukwaya ce. Wannan ma tabbatacce ne, Yuklid na Iskandariyya ya kawo hujjar duka biyun a jere, ta 47 da ta 48, a ƙarshen kashi na farko na littafinsa, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Saboda haka mai gini da tef a hannu yana tsaye a kan hujja cikakkiya.

An amince duk awo a katin zai kasance da milimita, ƙafa da inci kuma a bayan katin.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kafin a ninka komai akwai tantancewa biyu, kuma su ne layin farko a katin. Na ɗaya, kada wani tsawo ya zama sifili. Na biyu, hannaye biyu in an tara su dole su fi dayagonal. 2, 3 da 6 ba su ma haɗa alwatika ba, balle a yi maganar kwana. In irin wannan ya fito a wurin aiki, kuskuren karatun tef ne, a koma a auna.

An kuma ƙara abin da amsar “a'a” take nufi, domin “ba daidai ba ne” ba ya gaya wa mai aiki inda zai matsar da fegi. In dayagonal sau kansa ya fi jimillar hannaye, kwana ta buɗe, ta wuce 90. In ya gaza, ta tsuke.

Jerin lambobin da za su hau katin: 3-4-5, 5-12-13, 8-15-17, 7-24-25, 20-21-29. Kowannensu ana iya ninka shi da kowace lamba: 6-8-10, 9-12-15, 600-800-1000. Ninkawa, ba ƙari ba. Wannan sai an rubuta shi da manyan baƙaƙe, don yaran aiki da dama in sun ga 3-4-5 ya yi ƙanƙanta sai su ƙara ɗaya ɗaya, su ce 4-5-6. To 16 da 25 sun ba da 41, 6 sau 6 kuwa 36. Kwanar 4-5-6 digiri 83 ce ba ta cika ba, ido ma yana ganin karkatarta.

Ga mai son fitar da nasa, akwai hanya. Ɗauki lambobi biyu, babba m da ƙarama n. Hannu ɗaya m² − n², ɗayan 2mn, dayagonal m² + n². 2 da 1 su ne ke haifar da 3-4-5, 3 da 2 su haifi 5-12-13, 5 da 2 su haifi 21-20-29. Wannan ba zai hau katin ba, babu wuri, zai shiga takardar malamai. A can za a ambaci allon yumɓun nan na Babila da ake kira Plimpton 322, wanda ke ajiye a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, an rubuta shi wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), fiye da shekara dubu kafin Fitagoras. Layinsa na farko yana ɗauke da 119 da 169, waɗanda da 120 suke cika alwatika mai kwana sukwaya. A gwada: 14161 da 14400 sun ba da 28561, shi ne 169 sau 169.

Talata, 14 ga Janairu

Jadawalin waya na farko ya faɗi gwaji, kuma faɗuwar ta koyar da abin da ya canza fasalin aikin gaba ɗaya.

An tsara shi ya ce “i” in ɓangarorin biyu sun yi daidai cif, ya ce “a'a” in ba haka ba. An saka masa taga mai mita 1.2 kowane gefe. Dayagonal ɗinta na gaskiya 1697.056 da ɗoriya ne a milimita, lambar ba ta ƙarewa. Tef zai nuna 1697. 1697 sau 1697 ya ba da 2879809, jimillar hannaye kuwa 2880000. Sai jadawali ya ce “a'a” a kan tagar da babu wanda zai iya gyara ta fiye da haka. Duk ɗaki ko firam da tsawonsa bai faɗa kan ɗaya daga lambobin nan na musamman ba, haka za a yi ta ƙin sa. Ga kuma halin kwamfuta da ɗigo: a yawancin manhajoji 0.1 a tara da 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, saboda tana ajiye lamba da tsarin sifili da ɗaya. Wannan shi ya ƙara tabbatar da shawarar milimita: a saka 3600, kada a saka 3.6.

Tambayar jarrabawa “i” ko “a'a” take nema. Tambayar wurin aiki daban ce: da milimita nawa aka kauce, kuma me hakan zai jawo a ƙarshen bango? Don haka an sake tsarin. Yanzu jadawalin yana lissafa dayagonal ɗin da ya kamata, =SQRT(A2^2+B2^2) a Excel ko Google Sheets, inda A2 da B2 su ne gidajen hannaye biyu, ya cire shi daga wanda aka auno, ya nuna bambancin da milimita, da alamar ƙari ko ragi. Ba a kwatanta ninkakkun lambobin kai tsaye, don suna ruɗi. A tagar can bambancinsu 191 ne, ya yi kama da abu mai yawa, alhali a tef bai kai ko milimita ɗaya bisa goma ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau an zauna a kan girman alwatikar gwaji, kuma wannan ne sashen da ya fi kowane muhimmanci a katin.

Kuskure a dayagonal yana juyewa ya zama karkata a bango ta wannan lissafi: dayagonal sau kuskuren, a raba da hannu sau hannu. Amsar, in an ninka ta da dubu, ita ce karkatar kowace mita da milimita. A ɗauka an yi kuskuren santimita ɗaya, kuma bangon da za a ja mita 12 ne.

Da alwatikar santi 60, 80 da 100, wadda yawancin magina suka fi so saboda mutum ɗaya yana iya yin ta, kwana za ta kauce da digiri 1.2, ƙarshen bangon ya kauce da santi 25. Fiye da kaurin bulo inci tara ke nan. Da mita 3, 4 da 5, kaucewar santi 5 ce. Da 6, 8 da 10, santi 2.5. Da 9, 12 da 15, santi 1.7. Kuskuren hannu bai canza ba, girman alwatikar ne kawai ya canza. Kaurin igiyar layi kaɗai da alamar biro a kanta suna iya cinye milimita uku zuwa huɗu, saboda haka ƙaramar alwatika a kan babban gini ba gwaji ba ce. Katin zai ce: yi alwatika mafi girma da filin zai ɗauka, in da hali bangon kansa ya zama hannu.

Haka abin yake ga sukwaya ta ƙarfe, wato ma'aunin kwana mai siffar L. Kayan aiki ce mai kyau ga firam da katako, amma in ta kauce da milimita ɗaya a santi 60, a mita 12 ta zama santi 2, ban da kuskuren ɗora igiya a jikinta. Gwada ta ba wuya. A jingina ta da miƙaƙƙen gefen katako a ja layi, a kifa ta ɗaya gefen a sake ja daga wuri guda. In layukan sun rabu, ratar da ke tsakaninsu ninki biyu ce ta kuskurenta. Sukwayar da ta taɓa faɗowa daga kan sikafol a gwada ta kafin a sake yarda da ita.

An kuma tattara lambobin da ke kusa amma ba su kai ba, don ana jin su a bakin masu aiki. 5-5-7: 50 da 49, kamar ba komai, amma santi 24 ne a mita 12. 7-7-10: 98 da 100, kwana ta buɗe da fiye da digiri ɗaya. 12-12-17 ya fi su dama, 288 da 289, kaucewar wajen santi 4 a mita 12. Ga mai son hannaye kusan daidai da juna, 20-21-29 yana nan kuma babu kuskure a cikinsa. Abin takaici ne a ga an zuba siminti da rodi na maƙudan kuɗi a kan 5-5-7, alhali lambar gaskiya ba ta fi ta wuyar riƙewa ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Gwajin farko a fili, Rigachikun. Ginin mita 12 ne a gaba, 9 a gefe, awon waje, saboda haka dayagonal 15000 cif. Kayan da aka yi amfani da su: tef na ƙarfe mai mita 30 guda biyu, fegin katako, ƙusa inci biyu, igiyar layi, tiyon ruwa na ɗaukar lebur, filam (igiya mai nauyi a ƙasa da ke nuna tsaye sak), guduma.

Matakan kamar yadda za a rubuta su. A fara kafa layin gaba, fegi biyu, A da B, a buga ƙusa a kan kowanne, tsakanin ƙusa da ƙusa 12000. Daga ƙusa ake awo, kan fegi yana da faɗin santi biyar, “daga fegi” ba awo ba ne. Sai a maƙala tef ɗaya a A, ɗaya a B. Mutum na uku ya riƙe na A a kan 9000, na B a kan 15000, ya ja su har su miƙe, inda lambobin suka haɗu nan ne kwana ta uku. A yi haka ta ɗaya gefen don ta huɗu. A ƙarshe a auna layin baya, wanda ba a yi amfani da shi wajen kafawa ba. Shi ne shaida: in ya ba da 12000 aiki ya yi.

Bai bayar ba. Ya ba da 11968, kuma da aka sake awon dayagonal a tsanake an samu ɗaya ya gaza 15000 da milimita 12, ɗayan da 14. An bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko gangare. Filin ya sauka da kusan rabin mita daga gaba zuwa kusurwar baya. Ƙa'idar tana aiki ne a shimfiɗe. Tef da ya bi gangare yana nuna fiye da tsawon gaskiya, da kimanin saukar sau kanta a raba da ninki biyu na tsawon: rabin mita a mita 15 ya ba da milimita 8. Na biyu lanƙwasar tef. In an ɗaga shi sama ana awo, cikinsa yana sauka. Saukar santi 10 a tsakiyar mita 15 tana ƙara milimita 2, santi 20 tana ƙara 7, santi 30 tana ƙara 16. Ba a hankali take ƙaruwa ba, in saukar ta ninka biyu kuskuren ya ninka huɗu. Kuma dayagonal ne ya fi shan wannan tun da shi ne mafi tsawo, shi ya sa kwana takan fito a tsuke alhali tef yana cewa daidai ne. Na uku iskar hunturu, da ta yi ta kaɗa tef da igiya daga wajen ƙarfe goma.

Gyaran shi ne a fara kafa katakon furofail, wato katako a gicciye a kan fegi, a kowace kusurwa, kimanin mita ɗaya da rabi a wajen inda za a haƙa, a daidaita samansu duka da tiyon ruwa, a ja igiya a kansu, a yi awo a kan igiya, a saukar da maki ƙasa da filam. A sa mutum ya tallabi tsakiyar tef a daidai tsayin igiya. A yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi.

Litinin, 27 ga Janairu

An maimaita da furofail, ƙarfe bakwai na safe. Dayagonal biyu 15003 da 14998, baya 12002. An karɓa.

Wani ya kawo maganar zafi, cewa tef na ƙarfe yana miƙewa da rana. Gaskiya ne. Ana daidaita shi ne a digiri 20 na zafi, kuma in ya kai 35, mita 30 tana ƙaruwa da wajen milimita 5. Amma ga kwana wannan ba ya cutarwa, muddin tef ɗaya ne ya auna duka ukun a lokaci ɗaya, domin dukansu sun ƙaru da kaso ɗaya, 3-4-5 kuma ko an ninka shi yana nan 3-4-5. Inda cutar take shi ne haɗa tef biyu da ba su yarda da juna ba. Kafin aiki a shimfiɗa su gefe da gefe a ga ko 15000 ɗinsu ta zo wuri guda. Tef na zare ko na roba yana miƙewa gwargwadon ƙarfin mai jansa, an cire shi daga aikin kwana baki ɗaya.

Ƙugiyar bakin ƙaramin tef an yi ta ne tana ɗan motsi, daidai kaurinta, don awon ciki da na waje su zo ɗaya. Kada a buge ta da guduma a ce ta saki. In ta lanƙwashe, a fara awo daga santi 10, amma a faɗa da ƙarfi, a rubuta, don mantawa da cire goman nan kuskuren santi goma ne cur.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Bayan katin, ƙafa da inci. Fuloti a Kaduna da ƙafa ake kiransa, ɗakuna ma haka, ba za a iya barin wannan ba. Inci milimita 25.4 ne, ƙafa 304.8. Fuloti 50 da 100 dayagonal ɗinsa ƙafa 111.80, wato ƙafa 111 da inci 9 da biyar bisa takwas. Ɗaki 12 da 12, ƙafa 16 da inci 11 da biyar bisa takwas. Ɗaki 12 da 10, ƙafa 15 da inci 7 da rabi, saura kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar inci a matsayin abin da ke bayan ɗigo. Ƙafa 12 da inci 6 a kalkuleta 12.5 ce, ba 12.6 ba, don inci 12 ne a ƙafa. Wannan ratar inci 1.2 ce. Ƙafa 12 da inci 10 kuwa in aka buga 12.10, kalkuleta ta karanta 12.1, alhali 12.83 ake nufi, an yi asarar kusan inci 9. Haka wajen dawowa: 111.80 ba ƙafa 111 da inci 8 ba ce. Katin zai ce a mayar da komai inci tukuna: ƙafa sau 12, a tara inci. Ƙafa 12 da inci 6 ta zama 150. Sai a yi lissafin, a ƙarshe a raba da 12.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Abubuwa biyu da suka ɓoye a cikin tsarin, duka biyun masu haɗari saboda suna ba da amsar “daidai” a inda ba daidai ba.

Jadawalin yana zaɓen mafi tsawo da kansa ya mai da shi dayagonal, da MAX, sauran da MIN da MEDIAN. Ga tambayar aji, inda aka ba da lambobi uku a hargitse, haka ya kamata: 13, 5, 12 sun ba da kwana sukwaya ko da wane jeri aka kawo su. Amma a wurin aiki an san kwanar da ake gwadawa. In bango ɗaya 3 ne, ɗayan 5, tsallaken da ke tsakaninsu 4, jadawali zai jera su ya ce an dace. Akwai digiri 90 a alwatikar, gaskiya, sai dai ba a kwanar bangon take ba. Kwanar bangon digiri 53 ce. Kullum kwana sukwaya tana fuskantar gefe mafi tsawo ne. An raba jadawalin shafi biyu: na ɗalibai mai jerawa, da na wurin aiki mai gida uku masu suna, hannu, hannu, dayagonal, wanda zai ƙi karɓa in wani hannu ya kai dayagonal tsawo.

Na biyu shi ne maganar nan da kowa ya sani, “in dayagonal biyu sun yi daidai, gini ya yi sukwaya”. Rabin magana ce. Sai in gaba da baya tsawonsu ɗaya, gefe da gefe ma ɗaya. Gini mai gaba 12000 da baya 11900, in gefunan sun shigo da santi 5 kowanne, dayagonal ɗinsa za su zo daidai da juna cif, kuma babu kwana ko ɗaya mai digiri 90 a cikinsa. Ba za a gane ba sai mai tayil ya zo yana yanka ƙeƙasassun yanka a gindin bango, ko mai kwano ya ga layin kwanonsa yana gudu daga fasiya, katakon bakin rufi. Awo shida ne cikakken gwaji: gefe huɗu, dayagonal biyu.

An kuma ƙara gargaɗi kan awon ciki da waje. Ginin Rigachikun da bulo inci tara, milimita 225, cikinsa 11550 da 8550 ne. Dayagonal na ciki 14370. Wanda ya cire kaurin bango biyu daga 15000 zai samu 14550, ya kauce da santi 18, ya fara rushe abin da ba shi da laifi. Duk lokacin da hannaye suka canza, a sake lissafin daga farko.

Talata, 11 ga Fabrairu

Panteka, firam ɗin ƙofa na ƙarfe, 900 da 2100. Dayagonal 2285. A nan ba a bukatar kalkuleta sosai, domin in an yanka dogayen biyu tare, gajerun biyu tare, tsawonsu ya zama ɗaya, to kwatanta dayagonal biyu ya wadatar.

Matsalar walda ita ce wuta tana ja. Ƙarfen da ya narke in yana hucewa yana tsukewa, sai ya jawo kwana zuwa gefen da aka zuba waldar. An gwada firam biyu. Na farko an daidaita shi da sukwaya, aka cike kwana ɗaya gaba ɗaya kafin a koma ta gaba: dayagonal suka bambanta da milimita 7. Na biyu an ɗiga walda kaɗan kaɗan a kwana huɗun, aka auna, aka ɗan buga doguwar dayagonal ta shigo, aka ɗiga ƙarfen tokare a tsallake, sannan aka cike kwanonin ana tsallakawa daga wannan zuwa mai fuskantarta, aka bari ya huce kafin a cire tokaren: bambanci milimita 1. Maigidan rumfar ya ce a ƙara cewa firam ya kwanta a shimfiɗaɗɗen wuri, kuma ya yi gaskiya, don firam da ya murɗe yana iya ba da dayagonal daidai ƙofa kuma ta ƙi rufuwa. Gwajin murɗewa igiya biyu ne a gicciye daga kwana zuwa kwana, su taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ta danne ɗaya ba.

A ƙofa mai wannan girma, bambancin milimita 4 tsakanin dayagonal yana nufin saman firam ya goce gefe da milimita 5. Ratar da ake bari tsakanin ƙyaure da firam ba ta da yawa, shi ya sa ƙofar ke gogar firam a kwana ɗaya.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An tsayar da iyakar abin da katin zai kira “ya yi”. Wannan shawarar masu haɗa katin ce bisa gwaje-gwajen da aka yi, kuma in zanen injiniya ya faɗi tasa iyakar, tasa ake bi. Fandisho mai dayagonal mita 10 zuwa 20: kada a wuce milimita 5 daga lissafi. Firam na ƙofa da taga: kada dayagonal biyu su bambanta da fiye da milimita 2.

An kuma ƙara layin gyara, wanda masu aiki suka fi tambaya: in dayagonal ya kauce, nawa za a matsar da ƙusa? Dayagonal sau kuskuren, a raba da hannun da ba za a taɓa ba. A ginin 12 da 9, in dayagonal ya wuce da milimita 20, 15 sau 20 a raba da 12 ya ba da 25. A matsar da ƙusar ƙarshen gefen milimita 25 zuwa ciki, a layi ɗaya da gaban ginin, sannan a sake awo shida. Masu matsarwa da 20 ɗin kai tsaye sukan yi ta zagaye sau uku sau huɗu kafin su dace.

Fili na biyu an samu a Mando, 13500 da 10200, dayagonal 16920, kuma yana da lungu mai siffar L a baya, wanda zai bukaci a raba shi gida biyu a gwada kowane daban. Za a ba yaran aiki biyu katin su fitar da shi ba tare da an yi musu bayani ba, a tsaya gefe a rubuta inda suka tsaya tambaya. Rubutun bayan katin ya yi ƙanana, ba ya karantuwa a rana, za a cire 7-24-25 a ƙara girman baƙaƙen. Ana so a gama bugawa a lulluɓe shi da leda kafin ruwan farko, don da damina ta sauka jar ƙasar nan ba ta riƙe fegi, kuma gwajin na Mando an sa shi ranar Asabar da ƙarfe bakwai.